Sunan Mabel Ya Faɗo Layin Ƙasa

Ranar Alhamis, tun Job bai gama ɗaga ƙofar ƙarfen shago ba Nasiruddeen ya iso. Ba wani aiki ke jiransa ba, zaman gida ne ya gagare shi. A tsaye ya sha shayi, ya bar burodin da matarsa ta yanka masa, ya taso daga unguwar Sintali a ƙafa maimakon ya tsayar da keke, yana ganin ko tafiyar za ta kwantar da abin da ke masa motsi a ƙirji tun ranar Litinin. Ya iso jiƙe da gumi, abin kuwa yana nan yadda yake.

"Injiniya, yau kuma madam ce ta kore ka?" in ji Job, direban shagon, wanda ya ba shi shekara ashirin kuma bai taɓa kiransa da sunansa ba.

"Oga Job, ina kwana."

"Lafiya lau. Na ga fuskarka kamar akuyar da aka yi wa allura a ƙashi."

Nasiruddeen ya yi 'yar dariya don kada a ce bai yi ba, ya wuce ciki.

Shagon na Dakta Manga ne, tsohon likitan dabbobi da ya bar aikin gwamnati ya buɗe wurin sayar da magani. A ɗakin ciki akwai firji biyu, a cikinsu ake ajiye rigakafin awaki da na kaji da wata ƙungiya ke kawowa, masu kiwo kuma su zo daga Lau da Sunkani da rugagen bayan duwatsu su karɓa. Rigakafi ba ya son zafi. In ma'aunin firji ya haura takwas ya daɗe a haka, abin da ke cikin kwalba ya zama ruwan banza, ido kuwa ba zai ga bambanci ba. Shi ya sa ƙungiyar ta kafa sharaɗi, a duba ma'auni safe da la'asar a rubuta, duk wata uku a aika mata rahoto.

Da can a littafi ake rubutawa. Nasiruddeen ne ya kawar da littafin. Ba shi da takardar shaidar karatun kwamfuta ko ɗaya. Sakandare ya gama, aka ɗauke shi sayar da maganin tsutsa da gishirin lasa a kanta. Da wayarsa ya koyi yaren Python, yana kallon bidiyo ɗaya sau biyar kafin ya gane, yana rubuta abin da ya gane a bayan kwalin magani. Ƙarshen bara ya haɗa 'yar manhaja a tsohuwar kwamfutar ofis. Mutum zai shigar da sanyin da ya gani, ya zaɓi sunansa, in akwai abin faɗi ya rubuta a akwatin bayani, ya danna Adana. Manhajar sai ta buɗe wani fayil na rubutu, ta je can ƙarshensa, ta ƙara layi ɗaya mai gida biyar: kwanan wata, lokaci, sanyi, bayani, suna. Wata manhajar kuma, ita ma shi ya rubuta ta, ta bi fayil ɗin layi-layi ta fitar da rahoto.

Abin da ya fi alfahari da shi shi ne manhajarsa ba ta san gogewa ba. Ƙari kawai take yi. Littafi ana iya yage shafinsa, ana iya cike gurbin jiya da biron yau, amma nasa fayil ɗin duk abin da ya shiga ya shiga ke nan. Ya faɗi wannan magana ga Dakta, ya faɗa wa masu kiwo da ba su tambaye shi ba, har Dakta ya yi masa alkawarin zai haɗa shi da wani abokinsa mai irin wannan shago a Lau.

Ranar Litinin wasiƙar ƙungiya ta iso. A rahoton wata ukun nan akwai gurbi goma sha tara da ba a rubuta komai ba, kuma dukkansu sun faɗo a lokacin aikin mutum ɗaya, Mabel, wadda ta shekara tara tana kula da firjin. Dakta Manga bai yi gaggawa ba. Ya ɗauko littafin janareta ya gwada kwanakin, sai ya ga kusan duk ranakun da babu rubutu ranaku ne da aka ɗauke wuta ko batirin sola ya yi rauni. To, me mutum zai ɗauka? Ranar da komai ke lafiya ta rubuta, ranar da firji ya yi ɗumi ta yi shiru. Ƙungiyar ta ce ba za ta sake kawo rigakafi ba sai an sauya mai kula.

Mabel ta ce, "Dakta, na rubuta."

Dakta ya juyo wajen Nasiruddeen. "Na'urarka tana ɓatar da abu?"

"Ba ta gogewa, Bappa, ba ta ɓatarwa. Ƙari kawai take yi."

Haka ya faɗa, da bakinsa, ba tare da ya tsaya tunani ba. Dakta ya ce wa Mabel ta ƙarasa makon, ranar Juma'a ta miƙa makulli. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi kowa ba. Ta sake cewa "Na rubuta," amma wannan karon ba Dakta ta kalla ba, Nasiruddeen ta kalla. Wannan kallon ne ya hana shi cin burodi kwana uku.

Ya sha gaya wa kansa cewa ba shi ya kore ta ba. An tambaye shi, ya faɗi abin da ya sani. Ya sake buga rahoton sau huɗu, gurbin yana nan goma sha tara. Amma mutumin da ya yi ƙarya ba ya zuwa aiki ƙarfe bakwai da rabi a makon da aka sallame shi, ya goge bakin firji da tsumma, ya jera kwalabe bisa kwanan lalacewarsu. Mabel kuwa haka take yi tun Talata, kamar ba abin da ya faru.

Yau ma bakwai da rabi ta shigo, jakarta a kafaɗa, lema a hannu ko da yake hadarin da ke taruwa kan duwatsu kullum watsewa yake yi.

"Adda Mabel, ina kwana."

"Lafiya."

Iyakar abin da yake samu daga gare ta ke nan tun Litinin. Ta buɗe firji na farko, ta duba, ta rufe da sauri. Ta duba na biyu. Ta zo ta zauna gaban kwamfuta. Nasiruddeen yana bayanta yana yi kamar yana neman wani kwali a kan shiryayye, amma idonsa na kan hannuwanta. Bai taɓa lura da yadda take bugawa ba. Shi da yatsa biyu yake yi, Job da ɗaya, ita kuwa da goma, ba ta ko kallon madannan, don a keken rubutu ta koya a ofishin cocinsu na Sunkani tun tana budurwa. Ta shigar da biyar. Ta zaɓi sunanta. Da asuba an ɗauke wuta, saboda haka ta shiga akwatin bayani ta rubuta, "An ɗauke wuta ƙarfe biyar, sola ta ɗauka, sanyi bai motsa ba." Ta sa aya. Sai ƙaramin yatsanta na dama ya miƙe shi kaɗai ya taɓa maɓallin Enta, tak, kamar yadda mai keken rubutu ke tura abin nan gefe in ya kai ƙarshen layi. Sannan ta danna Adana. Allon ya ce, "An adana."

Ta tashi ta koma wajen kwalabenta.

Nasiruddeen ya tsaya riƙe da kwalin da bai san na mene ne ba. Ya ajiye shi. Ya zauna a kujerar da ta tashi, ya buga rahoton yau. Rahoton ya ce ba a duba firji da safen nan ba.

Ya rufe rahoton, ya buɗe ainihin fayil ɗin, abin da bai yi ba tun makon da ya gama haɗa manhajar, don ya amince da rahoto fiye da idonsa. Ya gangara can ƙasa. Ga layin na yau: kwanan wata, lokaci, biyar, bayanin ɗauke wuta. Nan layin ya yanke. A ƙarƙashinsa, a wani layi na daban, sunan Mabel ne zaune shi kaɗai.

Maɓallin da ta danna ya sa wata alama da ido ba ya gani, alamar da ke ce wa kwamfuta ta sauka sabon layi. Manhajarsa ta kwashi bayanin da alamar gaba ɗaya ta zuba a fayil, layi ɗaya ya rabu biyu, na sama gida huɗu, na ƙasa suna kawai. Mai fitar da rahoto kuwa shi da kansa ya koya mata cewa duk layin da bai cika gida biyar ba shara ne, ta tsallake shi, kada ma ta yi magana. Ta kuwa tsallake, ba ta yi magana ba.

Ya hau sama yana ƙirgawa. Duk ranar da komai ke lafiya, Mabel ba ta da abin faɗi, akwatin bayani ya zauna fanko, layinta ya fita cikakke. Duk ranar da wuta ta ɗauke, ko ƙanƙara ta taru, ko aka daɗe da ƙofar firji a buɗe ana ɗibar wa mutanen Lau, sai ta tsaya ta rubuta abin da ya faru, ta danna Enta, sunanta ya faɗo ƙasa. Job, da ke karɓarta ranar Lahadi, bai taɓa rubuta ko kalma ɗaya a akwatin ba, saboda haka layukansa duk suna nan tsaf.

Goma sha takwas ya samu a watanni ukun. Ya sake ƙirgawa da yatsa a kan allo. Goma sha takwas. Akwai wata Talata da la'asar da babu komai, ba rabi ba, ba suna ba.

Gyaran bai kai aikin minti biyar ba, kuma wannan ya fi komai ba shi haushi. Kafin manhajar ta rubuta bayani, sai ta fara tsince duk alamar sabon layi da ke cikinsa ta sa fili a gurbinta, sannan ita da kanta ta sa alama guda ɗaya tak a ƙarshe, bayan suna. Umarni ɗaya ne. Ya sha ganinsa a bidiyo yana wucewa, don shi duk gwajin da ya yi bai taɓa danna Enta a akwatin ba.

Tsohon fayil ɗin ma ba wuya. Ya kai kibiyar allo gaban sunan Mabel na farko, ya danna maɓallin gogewa sau ɗaya. Sunan ya yi tsalle ya koma gurbinsa, layin ya cika. Ya zuba masa ido. Saura goma sha bakwai, sai ya buga sabon rahoto ya kai wa Dakta, ya ce kwamfutar ce ta ɗan rikice, yanzu ta daidaita. Mutane na karɓar irin wannan magana. Kowa ya san kwamfuta da halinta, ba wanda ke tambayar wa ya koya mata halin. Mabel ta tsira, maganar Lau tana nan, shi ma yana nan Injiniya.

Ya janye hannunsa daga madannan ya sa a cinya.

Dakta Manga ba yaro ba ne. Tsohon rahoton yana aljihun rigarsa tun Litinin, a ninke huɗu. In aka kawo masa sabo marar gurbi, zai ajiye su gefe da gefe, ya tuna cewa Mabel na da makullin ofis, ya tuna cewa Nasiruddeen mutum ne mai tausayi. Zai ce ta roƙe shi ya cike mata. Ko bai faɗa ba zai riƙe a ransa, ƙungiyar ma haka. Layin da aka ɗinke ba ya nuna ranar da aka ɗinke shi. Abin da kawai zai shaida cewa tun ranar ta rubuta shi ne tsagar nan, sunanta a ƙasa sau goma sha takwas, a yadda kuskurensa ya bar shi. In ya gyara kafin a gani, ya share hujjarta da hannunsa.

Ya mayar da alamar da ya goge. Sunan ya sake faɗowa. Ya rufe fayil ɗin bai adana komai ba.

Sauran safiyar bai zauna wuri ɗaya ba. Ya sayar wa wata mata maganin kaska ya manta bai ba ta sirinji ba, sai da ya bi ta har bakin titi. Ya tsaya can yana kallon kekuna na wucewa, rana ta buɗe, iska ba ta motsi. Ya dawo ya buɗe fayil ɗin, ya rufe. Ya tambayi Job yaushe Dakta zai dawo.

"Yana ruga, saniya ta kasa haihuwa. Sai bayan la'asar. Kai wai me ke cizonka ne yau? Ka zaga shagon nan ya fi sau goma, ka sa ni jiri."

"Ba komai."

"Ba komai ɗin nan naka yana da ƙafafu."

A sallar azahar sai da ya yi shakkar ko raka'a uku aka yi ko huɗu. A hanyar dawowa ya tsaya gindin wata bishiyar mangwaro yana juya maganar. Shi fa bai yi ƙarya ba ranar Litinin, abin da ya yarda da shi ya faɗa. To amma wa ya hana shi buɗe fayil ɗin ranar, kafin ya buɗe baki? Minti biyu ne. Bai buɗe ba don bai so ya zama akwai abin gani. Wannan kuwa bai san sunan da zai ba shi ba, ya dai san ba gaskiya ba ce cikakkiya.

Ya tarar da Mabel a ɗakin ciki tana kwashe aljihun teburinta. Kofi, silifas, kalandar coci, hoton 'yarta Murna sanye da kayan makaranta, duk tana zubawa a leda.

"Adda Mabel, zo ki ga wani abu."

"In rahoto ne na gan shi."

"Ba rahoto ba ne."

Ta zo ta tsaya, ba ta zauna ba. Ya buɗe fayil ɗin, ya nuna mata layin yau, ya hau da ita sama a hankali. Ta sunkuyo. Ta fara karanta bayananta da ƙaramar murya, ɗaya bayan ɗaya. "Batiri ya yi ƙasa, na kunna janareta." "Na cire ƙanƙara, na mayar da kwalabe firji na biyu." Ta kai yatsa ta taɓa sunanta a kan allo.

"Me ya kawo ni nan ƙasa?"

Ya yi mata bayani. Bai ce kwamfuta ba, ya ce ni. Ta saurara har ya gama, sannan ta miƙe tsaye.

"Wato don na yi bayani ne. Da na yi kamar Job, na buga lamba na tafi shan kunu, da ina nan lafiya."

"Haka ne."

"Kai ka ce ba ta ɓatarwa. A gabana ka faɗa, ko numfashi ba ka ja ba."

"Na faɗa."

"Ka san Murna ta tambaye ni ko gaskiya ne na lalata maganin mutane? A makaranta ta ji. Garin nan ba ya riƙe magana." Ta ɗauki kofinta daga leda, ta juya shi, ta mayar. "Nawa ka samu?"

"Goma sha takwas. Akwai wata Talata da la'asar, sha ɗaya ga wata, ban ga komai ba."

Ta zauna a bakin tebur.

"Wannan tawa ce. Mamana ta faɗi a bayan gida a Sunkani, aka kira ni ƙarfe uku. Na kulle na tafi. Sai a mota na tuna."

Nasiruddeen ya kalli ƙofa, ya rage murya. Maganar ta fito kafin ya auna ta. "Guda ɗaya ce. Zan iya sa layin a wurinsa, in raba shi biyu kamar sauran. Ba wanda zai gane."

Ta dube shi kamar yadda ta dube shi ranar Litinin.

"Nawa za ka sa?"

"Me?"

"Sanyin. Nawa ne ranar? Huɗu? Tara? Ni da nake da makulli ban sani ba, kai ina ka sani?" Ta girgiza kai. "Malam Nasiru, ka riga ka yi mini ɗaya da kuskure. Kada ka ƙara mini na biyu da alheri. Ka bar shi fanko."

Ya ji kunya ta rufe shi fiye da ta safe.

Ƙarfe biyar saura Dakta Manga ya dawo, takalmin robarsa duk taɓo, hannun rigarsa a naɗe. Ya zauna a benci yana wanke hannu da ruwan buta, Job na zuba masa.

"Bappa, in ka huta ina son ka zo ka danna wani abu da hannunka."

"Ni da na'urarka ba ma gaisawa."

"Yau dai ka daure."

Dakta ya dube shi, ya dubi Mabel da ke tsaye bakin ƙofar ciki da ledarta, ya tashi. Nasiruddeen ya zaunar da shi gaban kwamfuta. Ya sa shi ya duba firji da kansa, ya shigar da lambar, ya zaɓi sunansa, ya rubuta wani abu a akwatin bayani. Dakta ya daɗe yana farautar haruffa, ya rubuta, "Saniya ta haihu."

"Yanzu danna wannan babban. Sai Adana."

Allon ya ce an adana. Nasiruddeen ya buga rahoto ya juya masa allon. Babu duba na la'asar.

Dakta ya gyara tabarau. "Ni ma ban zo aiki ba ke nan."

Job ya tuntsire da dariya daga bakin ƙofa, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye sauran.

Nasiruddeen ya buɗe fayil ɗin. Ga saniyar da ta haihu a sama, ga Manga a ƙasa shi kaɗai. Ya hau da shi sama, ya nuna masa sunan Mabel, ɗaya, biyu, har goma sha takwas. Ya gaya masa alamar da ba a gani, da umarnin da bai sa ba, da yadda ya koya wa rahoto ya tsallake abu ba tare da ya yi magana ba. Ya ce ranar Litinin ya ba da shaida a kan abin da bai duba ba.

Dakta ya zaro tsohon rahoton daga aljihu, ya warware shi, ya riƙa bin kwanakin da biro yana duban allo. Firji na biyu ya tashi da gurnaninsa. Da ya kai ƙarshe, biron ya tsaya a wuri ɗaya.

"Saura ɗaya."

"Tawa ce, Dakta," in ji Mabel. "Na tafi Sunkani ban gaya wa kowa ba. Ban duba ba."

Dakta ya duba layin da ke biye, na safiyar Laraba. Huɗu. Ya ɗauko littafin janareta, ranar ba a ɗauke wuta ba. Ya ninke takardar a hankali, ya daɗe yana kallon ledar da ke hannunta.

"Maman Murna, mayar da kayanki aljihun tebur. Makullin ma ki riƙe." Ya ɗago ya dube ta. "Na zarge ki da ɓoye ɓarna, alhali ke kaɗai ce ke faɗin abin da ya faru. Ki yafe ni."

"Na ji, Dakta."

Ba ta ce ta yafe ba, shi ma bai nemi ta ƙara ba.

"Maganar Talatar nan za ki rubuta ta da hannunki, a haɗa da wasiƙa. Kai kuma," ya juyo wajen Nasiruddeen, "wasiƙar kai za ka rubuta. Ka faɗa musu yadda ka faɗa mini, ka sa sunanka cikakke, ka buga musu wannan abin a yadda yake da tsagarsa. Gobe kuma a sayo littafi a rataye jikin firji. A rubuta a can, a rubuta a nan."

"To, Bappa."

"Maganar Lau, mu bar ta tukuna."

Nasiruddeen ya sunkuyar da kai. Ya san za a faɗa, amma da aka faɗa sai da ta yi masa zafi.

"Injiniya," in ji Job a hankali bayan Dakta ya fita, "ashe ni ne gwanin na'urar nan tun farko."

Washegari Juma'a ya sake yin sammako. Ya buga tsohon fayil ɗin a takarda, shafi tara, bai taɓa ko harafi ba. Sannan ya buɗe manhajar ya sa umarnin nan guda ɗaya. Ya koma wajen mai fitar da rahoto ya hana ta shiru: daga yau duk layin da ta ga bai cika ba, ta tsaya ta nuna shi da lambarsa. Ya gwada, sai ga jerin layukan Mabel sun cika allo, na Dakta a ƙarshensu. Ya shiga akwatin bayani ya rubuta cewa duk layukan da suka rabu kafin yau kuskuren mai manhaja ne, ba na mai dubawa ba, ya zaɓi sunansa, ya adana. Ya san ya shiga ke nan, ba mai cire shi, har shi kansa.

Bakwai da rabi Mabel ta shigo. Ta ga sabon littafi a rataye da zare jikin firji, ta duba ma'auni, ta rubuta a ciki da biro. Ta zo ta zauna gaban kwamfuta. Ta shigar da huɗu, ta zaɓi sunanta, ta rubuta, "An kawo littafi." Ƙaramin yatsanta ya miƙe, sai ya tsaya a sama bai sauka ba.

"Danna, Adda."

"Ka tabbata?"

Ya buɗe baki zai ce ya tabbata, ya fasa. "Danna mu duba tare."

Ta danna. Ta kalle shi ta gefen ido, ta ƙara dannawa sau biyu, sannan ta adana. Ya jawo kujera kusa da ita ya buɗe fayil ɗin, ya gangara can ƙasa. Kwanan wata, lokaci, huɗu, an kawo littafi, Mabel, duk a layi ɗaya.

Ta daɗe tana kallon layin. Sannan ta buɗe aljihun tebur, ta ciro hoton Murna ta jingina shi da bango.

"Tashi mini a nan," ta ce. "Mutanen Lau na hanya, ban jera kwalabe ba."